Likita, Jinin Gidanmu Suke Nema

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, ya iyali ya aiki. Ni malamar firamare ce a nan Daura, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Ƙanena mai bi mini shekara shida ke nan yana fama da taɓin hankali. Ya fara yana da shekara 21, yana tsakiyar karatun difloma. Ya daina wanka, ya daina cin abincin gida wai an sa masa guba, da dare mu ji shi yana musu da mutanen da ba mu gani. Mun yi ruƙiyya, mun yi hayaƙi, ya sha rubutu, har Damagaram an kai shi, kafin muka dangana da asibiti a Katsina. Can suka ce sunan ciwon sikizofireniya. Yanzu alhamdu lillahi allura yake karɓa duk wata, har yana zaman shago wurin kawunmu. Baffanmu marigayi, ƙanen mahaifinmu, shi ma da irin wannan ciwon ya rasu, a ɗaure.

Watan jiya da na raka shi asibiti, wata ma'aikaciya ta ba mu takarda, ta ce wasu masu bincike daga jami'a suna neman gidajen da ciwon ya taɓa fiye da mutum ɗaya, a ɗebi jinin marar lafiyan da na iyayensa da na 'yan'uwansa. Inna ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba mai ɗibar jininta ya kai wa Turawa. Ni kuwa ina so, saboda autarmu. An kawo kuɗin gaisuwarta, dangin yaron suka shiga bincike, suka ji labarin baffa da na ƙanena. Yanzu gwaggon yaron ta ce sai an kawo takardar gwaji, kamar yadda ake yi wa sikila, mai nuna cewa yarinyar ba ta ɗauke da hauka. Likita, in mun ba da jinin za su ba mu wannan takarda? Kuma da gaske ciwon a jininmu yake? Ni kaina 'ya'yana uku, tun da aka fara maganar nan ba na barcin kirki.

Malama, daga Daura

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan baffa, ya ƙara wa ƙanenki lafiya, ya ba ki ladan ɗawainiya. Shekara shida ana bin hanyar Daura zuwa Katsina da marar lafiya, sai wanda ya yi ya san nauyinsa.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. Takardar da gwaggo ke nema babu ita. Babu a Katsina, babu a Abuja, babu a Landan. Masu binciken nan ba za su ba ku ita ba, kuma duk ɗakin gwajin da ya ce ki kawo kuɗi ya rubuta miki cewa yarinya ba ta ɗauke da komai, to kuɗinki ya hango.

Na san inda gwaggo ta samo tunanin, kuma ban ga laifinta ba. Mu ne muka shafe shekaru muna wa'azin gwajin sikila kafin aure har ya shiga kunnen jama'a: in AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Lissafin ya fito sarai ne domin sikila wuri ɗaya tak take a cikin ƙwayoyin gado. Harafi ɗaya ne ya sauya, cikin haruffa kusan biliyan uku da ke rubuce a jikin kowane ɗan Adam. An san wurin, sai a leƙa a gani. Daga nan mutane suka ɗauka duk ciwon da ke bin dangi haka yake. Sikizofireniya ba ta wannan hanyar take bi ba.

To a jini take? Jini yana da hannu, hannu babba ma, ba zan ɓoye miki ba. Kuma gidaje irin naku ne suka koya wa likitoci haka, tun kafin a iya karanta ƙwayoyin gado. Matsalar da aka daɗe ana kai-kawo a kanta ita ce, 'yan gida ɗaya ba jini kaɗai suka haɗa ba. Tukunyarsu ɗaya, tarbiyyarsu ɗaya, wahalarsu ɗaya. Akwai zamanin da a Amurka uwa ake ɗora wa laifi, wai rashin sakin fuskarta ne ke haukata ɗa. Mu a nan kishiya muka fi nuna wa yatsa. Mata dai ba su tsira ba a ko'ina.

Wani likita mai suna Leonard Heston ya warware wani sashe na rikicin a 1966, a jihar Oregon ta Amurka. Ya bi diddigin yara 47 da aka raba da iyayensu mata masu wannan ciwo tun suna cikin tsumma, aka ba wasu riƙonsu. Da suka girma, biyar daga cikinsu sun kamu. Cikin yara 50 na riƙo da iyayensu ke da lafiya, ko ɗaya bai kamu ba. Ke nan abin ya bi yaran har gidan da ba a taɓa jin labarinsa ba.

Amma ki riƙe ɗaya gefen lissafin: 42 cikin 47 ɗin nan ba su kamu da shi ba. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, su ne kuma suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. A wannan ciwo na biyun ya fi yawan faruwa.

Tagwaye ne suka fi nuna haka. Shekarun baya na yi ta duba wani Hassan, Hussaininsa ke kawo shi. Kamarsu ta kai wata rana saura ƙiris ma'aikaciyar jinya ta tsira wa mai lafiyar allura, sai da ya daka tsalle yana rantsuwa shi ɗan rakiya ne. Ƙwai ɗaya suka fito, ƙwayoyin gadonsu kusan kwafi ne, nono ɗaya suka sha, makarantar allo ɗaya suka yi. Ɗaya yana jin muryoyi, ɗaya yana ɗinkinsa yana ciyar da iyali biyu. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurin masu bincike. A ƙasar Denmak, inda suke da rajistar kowane tagwaye, an duba sama da tagwaye dubu 30, aka fitar da sakamako a 2018: in ɗaya daga cikin tagwaye masu kama ɗaya ya kamu, kusan sau 33 cikin 100 ne ɗayan ke kamuwa. A tagwayen da ba ƙwai ɗaya ba, sau 7 cikin 100. Tsofaffin bincike sun kai adadin farko kusa da rabi. Ko wanne aka ɗauka, mutumin da jininsa da na marar lafiya ba su da maraba ma yana iya ƙare rayuwarsa lafiya lau. To wane gwaji ne zai yanke wa ƙanwarki hukunci, ita da rabi kawai ta haɗa da yayanta?

Ga alƙaluman da suka shafe ku kai tsaye. Wani masani, Irving Gottesman, ya tattara binciken iyalai na shekaru masu yawa a Turai ya fitar da jadawali a 1991, wanda har yau ake koyar da shi. Mutumin da ba shi da kowa mai ciwon, yiwuwarsa kusan 1 cikin 100 ce a tsawon rayuwa. Wanda ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya ke da shi, kusan 9. Wanda ɗaya daga iyayensa ke da shi, kusan 13. In uwa da uba duka suna da shi, abin ya haura 40. Wanda kawunsa ko baffansa ko gwaggonsa ke da shi bai wuce 4 ba. Autarku tana layin 9, zancen baffa na iya ɗan ɗaga shi kaɗan. 'Ya'yanki uku, da 'ya'yan da auta za ta haifa in Allah ya ba ta, suna layin 4. Juya shi ki gani: cikin yara 100 masu matsayin naki, 96 ba abin da zai same su. Ki yi barcinki, Malama.

Wani abu kuma da gwaggo ba ta sani ba: mafi yawan masu wannan ciwo ba su da uwa ko uba ko ɗan'uwa mai shi. Sau da yawa iyaye na zaune a gabana suna rantsuwa babu wannan a zuri'arsu, kuma gaskiya suke faɗi. Babu gidan da ke da takardar tsira, har nata.

Dalilin haka shi ne abin da binciken zamani ya gano. An daɗe ana farautar ƙwayar gado guda ɗaya ta wannan ciwo. A 1990 aka ba da rahoton wani babban dangi a Sikotlan da taɓin hankali ya yi yawa a cikinsu, aka tarar wasu sassa biyu na ƙwayoyin gadonsu sun yi musayar wuri. Aka yi murna an kama ɓarawo. Da aka duba sauran marasa lafiya a duniya, sai ga shi abin kusan na wannan dangi ne kaɗai. Sai da masana na ƙasashe da dama suka haɗa samfuransu wuri ɗaya sannan hoton ya fito. A 2014 suka kwatanta marasa lafiya kusan dubu 37 da masu lafiya sama da dubu 113, suka gano wurare 108 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon. A 2022, da marasa lafiya sama da dubu 76, wuraren suka kai 287, kuma ba a gama ƙirga ba. Kowane ɗaya tasirinsa ɗan mitsitsi ne.

Yadda nake kwatanta wa majinyatana shi ne tiya da gero. Kowa a cikinmu, ni da ke da gwaggo, an auna masa wasu tsabobi daga uwa, wasu daga uba. Wani tiyarsa rabi, wani ta kusa cika. Ba a rasa ƙwayar gero a tiyar kowa, don haka tambayar wa ke ɗauke da shi ba ta ma taso ba. Sannan rayuwa ta zo ta ƙara nata: wahalar naƙuda da ta hana jariri iska, yunwa mai tsanani lokacin goyon ciki, shaye-shaye. A Holan, yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar da ta auku a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1944 da 1945, sun kamu da ciwon kusan ninki biyu na sauran. Akwai 'yan sauye-sauye ƙalilan masu nauyi, irin ɓacewar wani ɗan yanki a kuromozom na 22 (ɗaya daga cikin damman da ƙwayoyin gado ke jere a cikinsu), wanda kusan ɗaya cikin huɗu na masu shi ke kamuwa, amma waɗannan ba su da yawa, kuma galibi suna zuwa da wasu alamu tun yarinta, kamar ciwon zuciya ko tsagewar ganɗa.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi burge ni an wallafa shi a 2016. Ƙwaƙwalwar yaro tana da mahaɗai tsakanin ƙwayoyinta fiye da bukata, to in ya doshi balaga sai jiki ya shiga rage su, kamar yadda ake sassare rassan bedi in sun yi yawa. Aka gano wata ƙwayar gado mai suna C4 tana cikin masu sa alama a reshen da za a sare, kuma waɗanda tasu ta fi ƙarfin aiki sun fi shiga haɗari. Ana ganin wannan na iya zama dalilin da ya sa ciwon ke jira sai yaro ya zama saurayi, an kashe kuɗin makaranta, an fara sa rai, sannan ya bayyana. Shekara 21 ɗin ƙanenki daidai lokacin ne. Mata sukan ɗan jinkirta, zuwa ƙarshen shekaru ashirin ko farkon talatin.

Me ya sa suke son jinin iyaye? Domin in an jera na uwa da na uba da na ɗa, ana iya gane abin da ya gada da kuma abin da ya ɓullo sabo a jikinsa. Kowane jariri na zuwa da wasu sababbin sauye-sauye da babu su a iyayensa, kuma wani bincike a Aisilan a 2012 ya nuna suna ƙaruwa da kusan biyu a duk shekara ɗaya da uba ya ƙara. Alhazawan da ke ƙaro amarya suna da shekara saba'in, ban ce a fasa ba, na dai faɗa.

Yanzu ra'ayina kan shiga binciken. Ina goyon baya, da sharaɗi. Kusan takwas cikin goma na mutanen da aka yi irin wannan nazari a kansu jinin Turawa ne, alhali Afirka ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Har alƙaluman da na ba ki a sama daga iyalan Turai suka fito. An fara gyara. A 2020 an wallafa nazarin da aka yi kan 'yan ƙabilar Kosa na Afirka ta Kudu, marasa lafiya kusan 900 da masu lafiya kusan 900, akwai kuma wani babban aiki da ya tattara miyau daga dubban mutane a Habasha da Kenya da Yuganda da Afirka ta Kudu. In babu Bahaushe a cikin lissafin, maganin da za a ƙera gobe ba da shi za a auna ba. Ga misali da muke gani a aiki: akwai magani mai suna kulozafin, wanda ake ba wa wanda sauran magunguna suka gaza a kansa, sai dai dole a riƙa auna fararen ƙwayoyin jininsa. Mutanen Afirka ta Yamma da yawa haka Allah ya halicce su, adadin nasu ƙasa yake da na Bature kuma lafiyarsu ƙalau. Shekara da shekaru ana hana baƙar fata wannan magani saboda ma'aunin da ba nasu ba, sai da nazarin ƙwayoyin gado ya bayyana dalili.

Amma ku shiga da ido buɗe. Bincike ba magani ba ne. Ƙanenki ba zai warke don ya ba da jini ba, ribar ta jikoki ce. Kuma Inna ba shirme take yi ba. Duk wanda ya kai shekarunta ya ji abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da aka gwada maganin Trovan a kan yara, aka yi ta shari'a shekara da shekaru kan ko iyayensu sun san abin da aka yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Bambancin shi ne a nan ba za a ba kowa wani abu ya sha ba, ɗiba za a yi, kamar cokalin shayi biyu ko uku, wani lokaci ma miyau kawai. Duk da haka ki koma wurin ma'aikaciyar nan da tambayoyinki a rubuce, ke malama ce. Wane kwamitin ɗa'ar bincike ne ya amince da aikin, ina lambar amincewar? Nijeriya na da kwamiti na ƙasa da ƙa'idojin da ya shimfiɗa tun 2007, kuma manyan asibitocin koyarwa na da nasu. A ina za a ajiye jinin, zai fita ƙasar waje, har tsawon wane lokaci? Za a cire sunayenku a sa lamba? In kun canza shawara bayan wata shida, wa za ku kira a zubar da shi? A karanta muku takardar da Hausa, ku tafi da kwafi gida, ku kwana a kanta. In aka ce muku allurar ƙanenki ta dogara da sa hannunku, ku tashi ku fita, wannan ya saɓa ƙa'ida. Kuɗin mota da za su ba ku kuɗin mota ne, ba kuɗin jini ba.

Kowa kansa zai yanke wa. In Inna ta ce a'a, an gama, kada ki matsa mata, kada kuma ki lallaɓa ta da cewa gwajin hawan jini ne. Shi ma ƙanenki a tambaye shi. Na lura a wasiƙarki kin faɗi ra'ayin Inna da naki, ba ki faɗi nasa ba. Mutumin da ke zaman shago yana ba da canji daidai ya isa a nemi izninsa kan jininsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da marigayi Shugaba Buhari, ɗan garinku, ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tabbatar wa irinsu haƙƙin a ji ta bakinsu. Baffa bai ga wannan zamani ba. Ke ma kin tuna gidan marin da 'yan sanda suka buɗe a Daura a Oktoban 2019, da halin da aka tarar da mutanen ciki.

Saura zancen aure. Kada ku ɓoye komai, tunda ma sun riga sun ji, kuma abin da aka ɓoye kafin ɗaurin aure gori yake komawa bayan an tare. Shawarata a samu babba daga wajensu, wanda ake jin maganarsa, shi da yaron, ku je tare wurin likitan da ke duba ƙanenki ya zayyana musu alƙaluman nan baki da baki. In da hali su biya ta shagon kawu su ga mutumin da ake ba su labari. Yawancin masu tsoron nan hoton mai tsumma a bakin kasuwa ke cikin kansu, ba su taɓa sanin sun sayi sukari a hannun mai wannan ciwo ba. In bayan haka suka ce sun fasa, zai yi ciwo, amma gara yanzu. Gidan da za a riƙa sa wa yarinya ido duk ranar da ta yi shiru ko ta yi fushi ana cewa ga shi nan ya motsa, ba wurin zama ba ne. Da ma ɗan baffa ne ko ɗan gwaggonku ke nemanta, da na ce a ƙara tunani, domin auren zumunci a gidan da ciwon ya fito sau biyu tara gero ne a tiya ɗaya. Tunda bare ne, wannan bai taso ba.

TAMBAYA

Likita, ɗana ɗan shekara 19 ya faɗa shan wiwi, yanzu yana cewa maƙwabta na karanta abin da ke ransa. Mahaifiyarsa ta ce gadon gidanmu ne don kakana ya taɓa zaucewa, ni na ce wiwi ce. Wa ke da gaskiya?

Wani uba, Ƙofar Ƙaura, Katsina

AMSA

Alhaji, mai yiwuwa ku duka biyun. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma a nan ƙadangaren ma yana ƙara faɗin tsagar. A Suwidin an shafe shekara 15 ana bin diddigin matasa sama da dubu 45 da aka ɗauka aikin soja, aka fitar da sakamako a 1987: waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 sun kamu da sikizofireniya kusan ninki shida na waɗanda ba su taɓa sha ba. Wani in ya daina, alamun kan washe cikin kwanaki ko makonni. Wani kuwa wiwin ta tayar da abin da ke kwance, sai an daɗe ana magani. Ba a banbance su daga zaure, sai an duba shi an bi shi na ɗan lokaci, kuma duk watan da aka ƙara ba magani yana ƙara wahalar farfaɗowa. Ku ajiye musun, kada a ɗaure shi, kada a doke shi. Ku kai shi sashen masu taɓin hankali na asibiti cikin makon nan, addu'a kuma a ci gaba da ita. In ya ƙi zuwa, kai ka fara zuwa kai kaɗai, ka zo da bayanin ranar da abin ya fara da kwana nawa ya yi bai yi barci ba.